An Saci Murjanatu Bayan Magariba

"Ni dai na gama magana," Yaya Shu'aibu ya ce, yana ture farantin tuwo gefe. "Ranar Juma'a mutanen Abdulhakeem za su dawo jin amsa. In kafin nan babu wanda ya tako gidan nan da sunan mai turaren nan naki, to zan ba su."

Murjanatu ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafinta.

"Yaya, ai ka san halinsa."

"Na sani. Yana salla, ba ya ha'inci a awo. Sai me? Shekara biyu mutum yana aiko miki turare a ƙunshi, bai taɓa turo ko mai shara ya gaishe ni ba. Kuma ba dole nake miki ba, Murja. Ke da bakinki kika ce in bai turo ba har Babbar Salla ta wuce, kin yarda da zaɓina. Salla ta wuce, har naman ya ƙare."

Gaskiya ya faɗa, ita ta yi alkawarin. Tun da mahaifiyarsu Hajiya Wasila ta rasu, Allah Ya ji ƙanta, Shu'aibu ya ɗauko ta daga Kano ya kawo ta Dubai, shi ne uwa shi ne uba. Yana da ofishin kargo a Al Sabkha, ita kuma tana haɗa turaren wuta da humra tana sayar wa matan da ke zuwa sari. Wajen sayen itacen ƙamshi na ud ta haɗu da Sahdan, ɗan guntun saurayi mai yawan murmushi da ke tsaron shagon wani Balarabe. Mutumin Indonesiya ne, daga wani tsibiri da ake kira Lombok. Hausarsa a bakin Hajiyoyin kasuwa ya tsince ta, in ta ƙare masa sai ya cike da Larabci.

Abdulhakeem kuwa ba shi da aibu, wannan ne ma abin takaicin. Akanta ne a wani kamfani a Al Khabaisi, ɗan mutunci, kawunnansa har biyu sun zo. Ko jiya sai da ya tsaya a ƙofar ofishin Yaya ya miƙo mata wayarsa.

"Ba don na ɓata shi ba, Murjanatu. Na nemi garin nasu, wai Aik Lendang. Tsibirin ga shi nan, amma garin babu shi a taswira."

"Ƙauyen su Ummana ma babu shi," ta ce masa, "amma can aka haife ta."

Ta ba shi amsa, sai dai maganar ta kwana tana cin ta. Yanzu ga ta Yaya a kai.

Da safe ba ta tafi shagon Sahdan ita kaɗai ba. Ta biya Abu Hail ta ɗauko Mama Turai.

Hajiya Turai aminiyar mahaifiyarsu ce tun suna 'yan mata, ita ce ma ta fara nuna wa Shu'aibu hanyar Dubai. Da can in tana dariya har benen ƙasa ake ji. Amma tun da ɗanta Ɗalhatu ya rasu ana saura kwanaki kaɗan ɗaurin aurensa, dariyar ta tafi tare da shi. Shi kaɗai Allah Ya ba ta. Tana nan tana sarin atamfa da leshi, tana ci tana sha, amma kowa ya san rabinta ne ke yawo.

Sahdan na ganinsu ya miƙe ya jawo kujera.

"Hajiya, marhaba, sannu da zuwa. Murja, sabon ud ya zo, bari in ɗora."

"Kar ka ɗora komai."

Ya tsaya da ɗan kaskon a hannu. Sai a lokacin ya lura da idanunta.

"Wa ya taɓa ki?"

"Kai."

Ta so ta yi maganar a tsaye kamar yadda ta shirya a hanya, amma kuka ya riga ta.

"Sahdan, in wasa kake da ni ka faɗa min yau. Na kare ka a gaban Yayana har bakina ya gaji. An ce ba ka da asali, na ce kana da shi. An ce garinku babu shi a duniya, na ce akwai. Na haddace sunansa, na san gonakin shinkafarku masu hawa kamar matattakala, na san ruwan da ke bi ta bayan ɗakin mahaifiyarka, na san dutsen nan naku mai hayaƙi. Har masallacin da girgizar ƙasa ta rushe bara na san an sake gina shi har an kai linta. Duk na sani, kamar a can aka yanke min cibi. Amma mutum ɗaya ka kasa turowa ya ce ana son Murjanatu?"

Sahdan ya ajiye kaskon a hankali. Fuskarsa ta canza kamar an zage shi.

"In turo a roƙe ki?"

"To da me ake yi?"

"Wallahi ba zan yi wa Yaya Shu'aibu haka ba. Ina ganin girmansa."

Mama Turai, da ke shinshinar wani guntun itace, ta ɗago kai.

"Kai yaro, maimaita. Ba za ka nemi aurenta ba saboda kana ganin girman yayanta?"

"Na'am, Hajiya. A garinmu in ka je ka ce wa mutum ba ni 'yarka, zai ce, kaza ce? Akuya ce da za ka zo tayi? Zai kore ka, kuma har jikokinka za a riƙa ba da labarin. 'Ya mai daraja ba a roƙonta."

"To ya ake yi da ita?"

"Sace ta ake yi."

Murjanatu ta daina kukan ba ta sani ba.

"Sata?"

"Da yardarta," ya yi saurin cewa, yana ɗaga hannu biyu. "Sai ta yarda. Bayan magariba, ba da rana ba, wanda ya yi da rana cin sa tara ake yi. A kai ta gidan wata babba a dangin saurayin, mata su kewaye ta, shi ko inuwarta ba zai taka ba. A kamo kazar da za a yanka, a bar kazar ta yi kuka sosai don maƙwabta su san an samu ƙarin mutum. Sannan manya su je su gaya wa danginta, 'yarku tana hannunmu lafiya, ba ɓata ta yi ba. Daga nan sai maganar waliyyi da sadaki, kamar kowane Musulmi. Babana haka ya yi. Kakana ma haka."

"Shi ya sa kullum kake tambayata ko ina da nauyin gudu?"

"Kin ce ƙafarki tana ciwo. Na ce to, in jira ta warke."

Wani sauti ya fito daga bakin Mama Turai, kamar tari. Murjanatu ta juya a tsorace. Ashe dariya ce. Ta fara a hankali, ta zo ta fi ƙarfinta, har ta dafa kanta tana share hawaye da gefen gyale. Rabon da Murjanatu ta ji wannan dariyar tun ana ɗinkin bikin Ɗalhatu.

"Shekara biyu," Mama Turai ta ce da ƙyar, "ke kina jiran baƙi, shi yana jiran ƙafa."

"Mama, ba abin dariya ba ne." Hawayen Murjanatu suka dawo. "A Dubai za a sace ni? 'Yan sanda su kama shi, a soke masa biza? A Kano kuma a ce 'yar Hajiya Wasila ta bi namiji? Gara in mutu ban yi aure ba. Sahdan, don Allah ka tura. Sau ɗaya kawai, ka runtse ido."

"In na tura, mahaifiyata ba za ta iya shiga taron mata ba. Za a ce matar ɗanta sayo ta aka yi. Haka za su kalle ki ranar da na kai ki, Murja. Ba na so a kalle ki haka." Ya kau da kai. "Kuma ko na ce zan sace ki, ina zan kai ki? Ba ni da kowa a nan. Mu shida ne a ɗakinmu, duk maza."

A waje masu turin kaya suna ta ihun a ba su hanya.

"Kira min uwar taka," in ji Mama Turai.

Ya kira ta bidiyo. Wata 'yar tsohuwa ta bayyana, baki jajir da abin taunawa, a bayanta ga rumbu mai rufin ciyawa da bishiyoyin kwakwa, kaji suna ta kai-kawo. Mama Turai ta karɓi wayar ta matso da ita kusa da hanci.

"Ikon Allah. Wannan ai rumbun gidan kakata ne. Ya sunanta?"

"Inaq Sahdan."

"Sunanka na tambaya? Nata."

"Shi ne nata, Hajiya. Ma'anarsa uwar Sahdan. A wurinmu ranar da mace ta haifi ɗan fari, sunanta ya tafi. Da sunan ɗan za a kira ta har ta mutu. Ita ma haka take faɗa in an tambaye ta."

Mama Turai ta daɗe tana kallon tsohuwar. Murjanatu ta san abin da ke ranta. Ɗalhatu ɗan fari ne, kuma Mama irin matan da ne masu kunya. Tun yana zanin goyo har aka ɗauke shi a makara, "yaron nan" take ce masa. Ba ta taɓa kiran sunansa ba ko sau ɗaya.

"Tana faɗar sunan ɗanta da bakinta," Mama ta ce a hankali. "Kullum."

"Kullum, Hajiya."

Ta ja numfashi, ta gyara zama.

"Tambaye ta. In wata tsohuwa a nan ta ce ta ɗauke ka ɗa, gidanta ya zama gidan danginka?"

Sahdan ya yi maganar da yarensu. Tsohuwar ta saurara, ta kira wani dattijo da ke ɗaure da zani, suka yi ta muhawara. Can ta dawo ta dafa ƙirji tana gyaɗa kai, tana magana da sauri.

"Ta ce ya zama. Ta ce kazar kuma ita za ta yanka."

"Khalas, magana ta ƙare," in ji Mama Turai, ta miƙa masa wayarsa. "Laraba bayan magariba. Ka zo da tasi mai sanyi, ni ba na shiga mai wari."

"Mama, ke ma za ki?"

"Da wa kike so a sace ki? Ni zan riƙe jakar."

Ranar Laraba Murjanatu ta idar da sallar magariba. Yaya yana masallaci. Ta ɗauki 'yar jakar da take ɗauka duk ƙarshen mako in za ta kwana a Abu Hail, ta tsaya a bakin ƙofa. Wannan karon jakar ta yi mata nauyi. In Yaya ya ɗauki abin da zafi, ba Sahdan kaɗai za ta rasa ba.

Ta yi bisimilla ta sauka.

Tasi na tsaye a bakin titi. Sahdan na gaba kusa da direba, ya sha farar riga, gumi na tsattsafo masa, ya ƙi ko waiwayowa. Mama Turai na baya ta baje, tana cin dabino.

"Shigo da sauri, 'yar nan, sace ki ake yi kina tafiya kamar mai tallan ƙwai."

"Yalla, mu je," Sahdan ya ce wa direban cikin raɗa.

Motar ta yi taku kaɗan ta shiga cunkoson Deira ta tsaya cak. Mai keke ya wuce su. Wata mata mai tura keken jariri ta wuce su.

"Kai Sahdan," in ji Mama, "a garinku in ɓarawo ya maƙale haka, ya ake yi?"

"A garinmu babu danja, Hajiya. Ta gona ake bi."

Murjanatu ta toshe baki da mayafi. Tsoron da dariyar suka haɗu suka hana ta numfashi.

Da suka isa, matan da ke haya tare da Mama, A'i da Sabuwa, suna bakin ƙofa suna jira. A'i ta rangaɗa guɗa ƙasa-ƙasa don kar maƙwabta su kira mai gida. Suka ja Murjanatu ƙuryar ɗaki suka saki labule. Mama ta tsayar da Sahdan a waje. Ta shiga ta jawo wata akwati daga ƙarƙashin gado, ta daɗe a durƙushe a gabanta kafin ta buɗe. Ta fito da wani abu a naɗe cikin farin ƙyalle, ta kai masa.

"Je ka ɗakin maƙwabcinmu ka sa. Kar ka fito sai na kira."

Sannan ta ɗauki waya.

"Shu'aibu? Ka zo yanzu. An yi sata, kuma kayanka ne."

Bai daɗe ba ya iso, yana haki. Ta ramin labule Murjanatu ta hango shi, ko hula babu.

"Mama, wace kwantenar? Ta Kano ko ta Kaduna?"

"Zauna. Ba kwantena ba ce. Ƙanwarka aka sace."

"Murja? Ai yanzu na..." Ya dubi takalmanta a bakin ƙofa. Ya dubi Mama. "Ga takalmanta nan."

"Eh, nan aka kawo ta. Ɗana ne ya sato ta."

Ta zayyana masa komai, tun daga kaza da akuya har zuwa tasi. Shu'aibu yana ji, fuskarsa tana ƙara ɗaurewa. Murjanatu ta kama hannun Sabuwa ta matse.

"Wato an sace ƙanwata," ya ce a ƙarshe, "an kawo ta gidan da take kwana duk Alhamis."

"Yau Laraba."

"Mama, ina ganin girmanki, amma wannan wasan yara ne. Mutum ya raina ni shekara biyu, sannan a ce girmamawa ce? Ni ba ruwana da al'adar mazan da ke ɗaura zani. Amanar Umma ce a hannuna. In ya ɗauke ta ya kai ta bayan teku, garin da ko a taswira babu, ya wulaƙanta ta, wa zan kama? Abdulhakeem na san ƙofar gidan ubansa. Wannan fa? Wa ya tsaya masa?"

"Ni."

"Mama..."

"Ni za ka kama. Ka san ƙofata a nan, ka san ta Kano. Ban kira ka don in roƙe ka ba, ƙanwarka ba kaza ba ce. Na kira ka in gaya maka tana hannunmu lafiya, kuma da ƙafarta ta shiga motar. In ka ce a'a, ga ta can, ɗauki abarka ku tafi, babu wanda ya ji babu wanda ya gani. Amma ka ga ɗan nawa tukuna." Ta ɗaga murya. "A'i, ce masa ya shigo."

Aka turo ƙofa.

Babbar riga ce ta shadda ruwan sararin samaniya, aikin hannu tun daga wuya har ciki, da hula zanna. An ɗinka ta ne don dogon mutum. A jikin Sahdan hannayen sun rufe yatsunsa, gindin yana share tayil, hular ta sauko har gira. Ya yi sallama, ya durƙusa a bakin ƙofa kamar yadda Mama ta koya masa, kansa a ƙasa.

Shu'aibu ya miƙe tsaye bai sani ba. Shi ya raka Ɗalhatu wajen maɗinkin. Shi ne babban abokin ango, tasa rigar irin wannan tana Kano, bai taɓa iya sa ta ba.

"Mama," ya ce. "Wannan ai rigar..."

Ya kasa ƙarasawa, don ba a faɗar sunan a gabanta.

"Ta Ɗalhatu ce," in ji Mama Turai.

A'i ta dafe baki.

"Ɗalhatu," ta sake cewa, a hankali, kamar mai ɗanɗana abu. Hawaye na zuba amma fuskarta a sake take. "Ashe ba wuya. Na bar shi ya tafi bai ji ba. To rigarsa dai ba za ta ruɓe a akwati ba, Shu'aibu. Sai ta je ɗaurin aure."

Shu'aibu ya juya musu baya. Ya daɗe yana kallon bango, kafaɗunsa suna motsi.

Da ya juyo, sai ya je ya tsaya a kan Sahdan.

"Kai ɓarawo."

"Na'am, Yaya."

"Tashi. Naɗe hannun rigar nan a kafaɗa, ba haka ake barinta ba. Kawo in nuna maka." Ya kama ya naɗe masa dama da hagu, ya ɗaga hular ya karya ta gefe. Ya ja baya ya dube shi, ya girgiza kai. "Gobe a kai ta a rage tsawon. Ba za ka share mana masallaci da ita ba."

Murjanatu ta zube a kan gado, Sabuwa ta rungume ta.

"Sai dai ban san me zan ce wa mutanen Abdulhakeem ba," Shu'aibu ya ce yana share ido. "Mutanen kirki ne."

"Ni zan raka ka, mu ba su haƙuri yadda ya kamata," in ji Mama. "Gaskiya za ka faɗa musu. Ka ce kana masallaci aka shiga gidan."

Wayar Sahdan ta yi ƙara a cikin aljihun rigar, ya sha wuya kafin ya lalubo ta. Inaq Sahdan ce, da fitila a hannu, rabin ƙauyen sun cika bayanta, yara a kan rumbu. Ta yi tambaya ɗaya. Ya amsa da kalma ɗaya. Sai ta ɗago wata jar kaza ta kusanto da ita jikin wayar.

Kazar ta tsala kuka har lasifikar ta yi ƙara. Can Aik Lendang aka kaure da sowa.

"Wannan kuma fa?" in ji Shu'aibu.

"Shela ce," Mama ta ce. "Ana gaya wa gari an samu ƙarin mutum."

Dariya ta ƙwace wa Murjanatu a bayan labule, da ƙarfi, ta kasa tare ta.

Shu'aibu ya dubi labulen.

"Ku ji kayan satar," ya ce. "Ko kunya babu."